Na Ba Da Sunan Ɗana Don Ɗaki Biyu a Birni

Ni tela ne a wancan lokaci, ɗan shekara talatin da 'yan kai, a garin Bebeji, cikin shekarun da gyaɗa take tashe, kafin Turawa su miƙa mulki. Ina da keken ɗinki na hannu da nake ɗorawa a jaki in ci kasuwannin Kiru da Yako da Badafi, idan kaka ta yi har Tudun Wada nakan kai. Matata ɗaya, 'ya'yana biyu, namiji ɗan shekara shida da ƙanwarsa da take goye. Mahaifina, wanda duk garin ke kira Malam, malamin allo ne, mutum mai sanyin murya, amma idan ya ce a'a to magana ta ƙare. Ni kuwa ina ɗauke da wani ciwo da ban san ciwo ba ne, wato ganin na fi kowa wayo a garinmu. Yau na tsufa, kuma abin da zan faɗa ya daɗe yana ci na a rai. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin kowa a cikin labarin ya fi ni gaskiya.

Abin ya fara ne daga wata ranar kasuwa a Kiru. Wani malamin gona ya zo a kan keke, yaro ne ƙarami da gemu bai gama fito masa ba, amma na ga dagaci ya sa an shimfiɗa masa tabarma, dattawa masu furfura sun tsuguna suna sauraron abin da yake karantowa daga takarda. Ni ina gefe ina ɗinke wa wani bakin wando. Tun daga ranar na sa a raina ɗana sai ya yi boko. Da na kai wa Malam maganar, ya ce yaron yana hannunsa, ya fara haɗa baƙi, in bari ya sauke tukuna, bayan nan in yi yadda na ga dama. Na lissafa shekarun na ga sun yi mini yawa. Ga shi kuma ba a raba su, tare suke cin tuwo, Malam yana kiransa abokina, yana tsokanarsa cewa ya ƙwace masa mata saboda kakarsa ta fi ba shi ƙanzo.

Akwai abin da ya kamata mai karatu ya sani, musamman 'yan yanzu. Yaron nan ɗan fari ne, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Tun da aka haife shi ban taɓa faɗar sunansa ba, ban taɓa ɗaukarsa ba, in ya shigo inda nake sai in sami abin da zan kalla a wani gefen. Uwarsa ma ta fi ni, da "kai yaro" take kiransa, in an tambaye ta lafiyarsa sai ta sunkuyar da kai kamar ba da ita ake ba. Ba ƙi ba ne, Allah ya sani, tarbiyyar da muka taso a ciki ke nan. Kakanninsa su ne masu nuna masa so a fili, mu namu a ɓoye yake.

Sai na shirya ƙarya. Na ce wa Malam ɗinki ya yi ƙasa a ƙauye, zan koma birnin Kano da iyalina, kuma zan sa yaron a hannun malamin kirki ya ci gaba da allo. Bai so ba, amma bai hana ni neman abinci ba. Abin da ya ce kawai, kada in yi gaggawar kama wuri, in sauka kusa da mutanen garinmu da suke can, kuma duk unguwar da ta kwanta mini in yi kwana uku ina salla a masallacinta in ga waɗanda zan zauna da su. Na ce to, na shiga motar gyaɗa ni kaɗai na tafi neman muhalli.

Na yi kusan mako biyu ina yawo har takalmina ya tsinke. Wuri na farko kusa da kasuwa yake, ga ciniki a bakin ƙofa, amma katanga ɗaya ce tsakaninsa da gidan da ake goge, na ce ba zan kawo matata nan ba. Na biyu a bakin wani babban kududdufi yake, na tsaya na ga yara tsirara suna wasa a gaɓarsa, na tuna 'yar da take goye za ta fara tafiya, na juya. Unguwar da mutanen Bebeji suke sauka kuwa ba ta da aibu ko ɗaya, sai dai na san ranar da yaron ya sa gajeren wando, kafin la'asar labari ya kai kunnen Malam. Saboda haka ko gaishe su ban je yi ba. Daga ƙarshe na faɗa wata tsohuwar unguwa a cikin ganuwa. Lungunanta a share, rijiyarta ruwan daɗi, masallaci cike a kowace salla, ga makarantar elementare kusa har kana jin ƙararrawarta daga ƙofar gida. Na tsaya a nan zuciyata ta ce nan ne. Matsalar ita ce a irin wannan unguwa ba a ba baƙo ɗaki haka kawai, gidajen gado ne, kowa ya san kakan kowa.

A masallacin na haɗu da wani Alhaji mai fataucin goro, babban mutum mai fara'a. Ya ga baƙuwar fuska kwana uku a jere, ya tambaye ni abin da ke tafe da ni, na faɗa masa komai har da maganar boko. Sai ya ja ni zaurensa, ya sa aka kawo fura. Ya ce shi kuma tasa damuwar kishiyar tawa ce. Mai unguwa ya aiko cewa hukuma tana son yaro ɗaya daga gidansa a kai makaranta, ga shi ɗansa sa'an nawa ne, shi kuwa ya yi rantsuwa ba ɗansa da zai yi boko. Ya ce yana da ɗaki biyu da ɗan tsakar gida a sashen baya, kuma in ina so in kafa kekena a zaurensa. Abin da yake buƙata ɗaya ne, a kai nawa yaron a matsayin nasa, a rubuta shi da sunansa. Mai unguwa zai kau da kai, in dai an cika masa adadi. Amma kada malaman makaranta su sani, domin in ta tashi, shi da mai unguwa za su kwana a ciki.

Wallahi a lokacin ji na yi kamar an buɗe mini ƙofar sama. Ga gida, ga unguwar mutunci, ga makaranta, ga wurin sana'a, kuma duk a bakin me? A bakin wasu 'yan baƙaƙe da za a rubuta a littafin da ni ko karanta shi ban iya ba. Na koma Bebeji ina ta yaba wa kaina. Da na faɗa wa uwar yaron a hanya, bayan mun baro gari, ta dube ni. Can ta ce, "Maigida, suna fa ba riga ba ne da za a ara a mayar." Na ce mata ita me ta sani game da birni. Ba ta sake magana ba, kuma kunya ba za ta bar ta ta yi gardama a kan ɗan fari ba.

Washegarin saukarmu aka zo ga yi wa yaron bayani. Aikina ne, amma ta yaya zan zaunar da ɗan fari in yi hira da shi? Sai na bar wa Alhaji. Ina zaune a zaure ina sa wa keke mai, Alhaji ya kira shi, ya dafa kansa, ya ce masa daga yau shi ne babansa, duk wanda ya tambaye shi a makaranta ko a waje haka zai ce. Yaron ya juyo ya dube ni. Na ji idonsa a kaina sarai, amma ban ɗago ba, na ci gaba da goge keken da ba shi da datti. Ya jira, ya jira, sannan ya ce wa Alhaji to. Ni na ɗinka masa kayan makaranta da hannuna, amma ranar da aka kai shi Alhaji ne ya riƙe hannunsa, ni ina biye daga nesa kamar mai zuwa wani wuri dabam.

Ba zan yi wa unguwar nan ƙarya ba, duk abin da na hango a cikinta na same shi. Matata ta yi ƙawaye, 'yata ta taso cikin yara masu tarbiyya, ɗinki ya karɓe ni har na sayi keken ƙafa. Alhaji ma ba mugu ba ne. Da farko don tsoron kada asiri ya tonu yake jan yaron a jiki, amma daga baya ya so shi da gaske, domin yaron yana da kai. Da 'ya'yansa yake cin abinci, a ɗakinsu yake kwana, da salla tare ake yi musu ɗinki, ni nake ɗinkawa. In ya ci jarrabawa Alhaji yake kai wa takarda, Alhaji ya ɗaga shi sama yana dariya. In zazzaɓi ya kama shi uwargidan Alhaji ce take jiƙa masa magani, uwarsa tana laɓe a bakin ƙofa tana leƙe. Yaran gidan suna ce mini Tela, shi ma sai ya bi su. Ranar da na fara ji daga bakinsa har murmushi na yi, na ce a raina yaron nan ya iya riƙe sirri. Ban gane cewa ba sirri yake riƙewa ba.

Shekara uku na yi ina zuwa gida ni kaɗai. Duk lokacin da Malam ya tambayi abokinsa sai in ce karatu ya riƙe shi, malaminsa ba ya son a ɗaga shi. Rannan da rani, bayan azahar, ina cikin ɗinki sai na ji sallama da muryar da na sani. Malam ne, da ɗan buhun dawa da ƙullin daddawa, ya sha tambaya kafin ya gano gidan. Ya ce ya gaji da jira, ƙafarsa ta kawo shi ya ga abokinsa. Na shimfiɗa masa buzu. Ko ruwa bai gama sha ba sai ga yaron ya shigo, da gajeren wando da 'yar jakar littattafai a rataye.

Malam ya dubi kayan da ke jikinsa, ya dube ni. Ya miƙa hannu yana dariya, yana cewa ga ɓarawon matarsa ya zama Bature. Yaron ya gane shi, ya durƙusa ya gaishe shi da ladabi, amma bai faɗa jikinsa kamar da ba. Malam ya ce to a karanta masa abin da ake koya musu. Yaron ya ciro littafi, ya fara da abin da ke rubuce a bangonsa, sunansa, sannan sunan Alhaji a matsayin uba. Malam ya ce ya sake karantawa, kunnensa ya yi nauyi. Ya sake. Sai Malam ya nuna ni da hannu ya ce, "To wannan fa, wane ne?" Yaron ya ce, "Tela ne. Su ne suka riƙe ni a ƙauye kafin a dawo da ni gidanmu." Ba da raini ya faɗa ba, har da ɗan murmushi irin na mai godiya. Shi kaɗai ya zauna ya haɗa labarin a kansa, domin ya ga wanda yake kiran sunansa, ya kuma ga wanda yake kau da kai in ya shigo.

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Malam ya ce wa yaron ya shiga ciki ya ci abinci. Da muka rage mu biyu, ya tambaye ni ko yunwa ce ta kai ni ga haka, na ce a'a. Ya ce ko tilasta ni aka yi, na ce a'a. Sai na kama zuba, ina ba shi labarin rijiya da masallaci da kyawun maƙwabta, ina cewa ai rubutu ne kawai. Ya bari na gama. Ya ce maganar boko da na ɓoye masa ya yafe, zamani ne, ko ba yau ba zai zo. Amma in tuna shi ya karantar da ni, kuma na san hukuncin jingina ɗa ga wanda ba ubansa ba. Ya ce, "Na ce ka duba waɗanda za ka zauna da su. Ban ce ka ba su ɗanka ba." Ya miƙe ya ɗauki sandarsa. Na roƙe shi ya kwana, ya ce ba zai iya cin tuwon gidan ba. Ya tafi unguwar mutanen garinmu, waɗanda na guje wa, a can ya sauka. Kafin ya hau mota ya aiko mini cewa in gyara abin nan tun yana da rai.

Na so in gyara, amma son da ba shi da ƙashi. Na sami Alhaji, ya riƙe hannuna yana roƙo, ya ce in na tona za a kai shi gaban alƙali, mai unguwa zai rasa rawaninsa, yaron kuma za a kore shi ga jarrabawar wucewa gaba ta kusa. Ya ce in bari a wuce wannan tukuna. Sau biyu ina zuwa ƙofar makarantar da niyyar ganin hedimasta, sau biyu ina juyowa. Ko a gida, abin da ya fi sauƙi, in kira yaron in ce ni ne ubanka, na kasa. Kullum sai in ce gobe. Ya ci jarrabawa, aka tura shi makarantar kwana, sunan ya bi shi a takarda. Daminar wannan shekara Malam ya rasu. Na isa Bebeji an riga an kai shi, kakar yaron ta ce mini har ranar ƙarshe yana tambaya ko an sami saƙo daga birni.

Uwarsa ce ta yi abin da na kasa. Wani hutu da ya dawo, yana ɗan shekara goma sha uku ko sha huɗu, ta kira shi ɗakinta, ta kira shi da sunansa na yanka, karo na farko tun da ta haife shi. Ta faɗa masa komai tana kuka. Ya fito ya same ni a zaure, ya tsaya a gaban keke har na daina taka shi. Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce tambaya ɗaya yake da ita, ranar da Alhaji ya ce shi ne babansa, ya dube ni yana jira in ce wani abu, me ya sa ban ɗago kai ba? Me zan ce masa? In ce kunya? Wace kunya ce ta hana ni duban ɗana amma ba ta hana ni ba da shi ba? Ya ɗan jira, ya ce Allah ya kyauta, ya fita.

Ya gama karatu, ya sami aikin gwamnati, ya zama irin mutumin da na gani a kan keke a Kiru, har ya wuce nan. Bai taɓa wulaƙanta ni ba. Yana ce mini Baba yanzu, yana kula da ni, gidan da nake ciki shi ya gina mini. Amma gaisuwarsa irin wadda ake yi wa suruki ce, a durƙusa, a tambayi lafiya, a tashi. Takardunsa duk da sunan Alhaji suke, ya ce canza su zai tayar da ƙurar da ba ta da amfani, 'ya'yansa ma da sunan aka rubuta su a makaranta. Da Alhaji ya rasu, ya faɗa wa 'yan'uwan gidan tun da wuri cewa ba shi da gado a ciki, amma a sahun 'ya'ya ya zauna karɓar gaisuwa, kuma kukan da ya yi na gaske ne. Abokan aikinsa suka yi ta zuwa a motoci suna yi masa ta'aziyyar mahaifi. Ni ina cikin layin maƙwabta. Da layi ya kawo kaina na miƙa masa hannu na ce masa ya haƙuri, ya ce da godiya, na matsa na ba na bayana wuri.

Na rubuto wannan ne domin na ga har yanzu mutane suna barin ƙauye zuwa birni da iyali, suna neman unguwa mai kyau da makaranta mai kyau, kuma neman ba laifi ba ne. Ku duba ruwa, ku duba maƙwabta, ku duba inda yaranku za su yi wasa. Amma in aka ba ku wuri da sauƙin da ya wuce hankali, ku tsaya ku tambayi abin da ake so a hannunku, ku kuma saurari matanku in sun yi magana. Kada wanda ya yarda a rubuta ƙarya a kan ɗansa don a sami gurbi, yaro ba ya bambance abin da aka faɗa don hukuma da abin da yake gaskiya. Masu kunyar ɗan fari kuma, ban ce ku bar al'ada ba, amma ko sau ɗaya ku bari yaron ya ji daga bakinku cewa naku ne. Ni ban yi ba, kuma ba Alhaji ne ya ƙwace mini ɗa ba, ni na miƙa shi ina ganin na yi dabara. Ina roƙon Allah gafara, ina roƙa wa Malam rahama. Yanzu kwanana sun ƙure, abin da nake yawan tunani shi ne mutanen da ɗana yake hulɗa da su sun riga sun yi masa ta'aziyyar uba tun tuni. Ranar da tawa ta zo, ban san wa zai ce musu ya rasu ba.